Sabulun Halab, Akwatin Dimashƙa da Dukawan Sakkwato

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in faɗi wata magana da ta daɗe tana cina a rai.

A farkon watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta zauna a Asunsiyon, babban birnin Faraguwai, ta shigar da Hawan Daba na Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Gidajen rediyo sun faɗa, an yi ta taya juna murna a Facebook, ni ma na yi murna. To a wannan zaman ne kuma aka shigar da sana'ar yin sabulun Halab na ƙasar Siriya, amma ban ji wanda ya ambata ba a nan wajenmu. Ban ga laifin kowa ba, domin a daidai makon ne ƙasar ta ɗau zafi, ranar 8 ga watan Bashar Assad ya bar mulki ya tsere Rasha. Wa zai saurari labarin sabulu ana maganar faɗuwar gwamnati? Sai dai tun daga 2011, in an ce Siriya, yaranmu ba abin da ke zo musu a rai sai bom da gudun hijira. Ni kuwa na san wata Siriya daban, wadda na gani da idona, na taɓa da hannuna.

Ni ɗan baduku ne. A Shiyar Madunka aka yanke cibiyata, cikin ƙamshin jar fata na tashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya fi shekara hamsin zaune a kan buzu da basilla a hannu. Ni karatu ya janye ni, har Allah ya kai ni Dimashƙa, babban birnin Siriya, na yi shekara huɗu kafin yaƙi. Nahawu da balaga na je nema, amma ɗan baduku ba ya iya wuce mai aikin hannu bai ja birki ba. Ranakun da babu darasi, sai in shiga ta Kasuwar Hamidiyya, in ɓulle Masallacin Banu Umayya wanda Halifa Walid ya gina tsakanin 706 da 715, in yi salla, sannan in faɗa lungunan tsohon gari har ƙofar gabas da suke kira Bab Sharƙi.

A ɗaya daga cikin lungunan nan na haɗu da mutumin da ya sa nake wannan rubutu. Dattijo ne Kirista, shagonsa bai kai zauren gidanmu girma ba, kowa a layin mu'allim yake ce masa, wato gwanin da ya isa ya koyar. Sana'arsa ita ce adon katako da suke kira muzayik. Mutanen Dimashƙa suna jingina wannan aiki ga wani kafinta ɗan garinsu, Jurji Bitar, wanda aka haifa a 1840. Da farko na ɗauka fenti ne ake zana wa akwatunan, saboda ƙanƙantar taurarin da ke jikinsu. Ashe ko ɗigon fenti babu. Itatuwa ne masu launi daban-daban: jauz mai duhu, itacen lemo mai fari-fari, zaitun, mishmish, da wani ja da ake kawowa daga waje. Ana tsaga su sirara kamar tsinken tsire, amma kowane tsinke da kusurwoyinsa, wani uku wani huɗu. Sai a jera su, a shafa gam, a haɗa su dami guda, a ɗaure tamau da zare a ajiye ya bushe. In ka leƙa bakin damin sai ka ga tauraro ya fito sarai. Daga nan a riƙa yanko shi da zarto falle-falle, sirara kamar naman kilishi, kowane falle ɗauke da tauraro iri ɗaya. Su ake jerawa a jikin akwati ko tebur ko kujera, a goge har tafin hannu ya kasa gane mahaɗi.

Na taɓa ganin mu'allim ya kwance dami sukutum, aikin yini biyu na yaronsa, saboda tsinke ɗaya ya fi 'yan'uwansa kauri da abin da bai wuce silin gashi ba. Bai yi wa yaron tsawa ba. Ya nuna masa bakin damin, ya ce kuskuren da ka bari a nan sau ɗari zai fito, domin duk fallen da aka yanka da shi zai tafi. Nan take na tuna Baba yana warware ɗinkin kube saboda basilla ta kauce layi sau ɗaya.

Maƙwabtansa kuma aikin sadaf suke yi. Ɓawon wani abin ruwa ne dangin katantanwa, cikinsa na sheƙi kamar bakan gizo. Su sassaƙa zanen ganye da fure a jikin katakon jauz, su bi layin da siririyar wayar kuza, sannan su goge ɓawon da magagari gutsure-gutsure har kowanne ya zauna daram a raminsa. Da haka ake yin akwatin amarya, da madubi, da abin ɗora Alƙur'ani mai naɗewa. Musulmi da Kirista layi ɗaya suke, wani ya fara aiki ya miƙa wa wani ya ƙarasa.

Ranar da muka saba da mu'allim sosai ita ce ranar da ya ga gafakata. Baba ne ya ɗinka mini ita da zan tafi, da fatar jar akuya, rinin karan dafi, an yi mata ado da baƙi da kore a baki. Ya miƙo hannu ya karɓa, ya juya ta, ya kai hanci ya shinshina, ya bi ɗinkin da babban yatsa tun daga sama har ƙasa. Ya ce wannan sakhtiyan ne, sunan da Larabawa ke kiran irin fatar da ita ke nan. Na gaya masa cewa fatar da Turawa suka daɗe suna jingina wa Maroko, mai yawa daga cikinta daga ƙasarmu raƙuma ke haura sahara da ita, kuma mahaifina ne ya ɗinka wannan. Ya ce "yislamu ideh", Allah ya kiyaye hannuwansa. Haka suke gode wa mai sana'a, hannun ake yi wa addu'a. Sannan ya tambaye ni ko na koya. Na ce kaɗan, karatu ya ɗauke ni. Ya yi shiru, ya ce "ya haram". A bakinsu wannan ba hukuncin shari'a ba ne, kaico ne. Har yau kalmar ba ta bar kunnena ba.

Sauran sana'o'in birnin ba za su shiga wasiƙa ɗaya ba. Akwai saƙar burokar, alharini tsantsa da zaren zinariya ko azurfa, a kan tsohuwar masaƙa mai jerin kwalaye masu huji-huji waɗanda ke tsara zanen, masaƙi ya yini cur kafin ya fitar da mita guda. Shaddar nan da muke rububi lokacin Salla, har da Getzner da ake kawowa daga Ostiriya, irin saƙarta Turawa da sunan birnin Dimashƙa suke kiran ta. Akwai agabani, mayafan tebur masu surfani da zaren ruwan zinariya, wanda mafi yawa matan garin Duma ke yi a cikin gidajensu, kamar yadda matanmu ke ɗinkin hula. Akwai masu ƙwanƙwasa wayar azurfa a cikin zanen da suka sassaƙa a faranti ko butar tagulla. Darajar waɗannan hannuwa ce ta sa da Timurlank, sarkin yaƙin nan na tsakiyar Asiya, ya ci Dimashƙa a 1401 bai tsaya ga dukiya kawai ba, ya tattara masu sana'ar birnin ya kora su Samarƙand.

Wanda ya fi ba ni mamaki sunansa ajami. Da na ji kalmar sai na zaci irin rubutunmu na Ajami ake nufi. Asalin kalmar dai ɗaya ne, abin da ba na Larabawa ba, amma su adon bango da rufin ɗaki suke nufi. Ana kwaɓa wata farar ƙasa da gam, a zana fure da ita a kan allunan katako ta yi tudu, a lulluɓe da fallen kuza ko zinariya, a bi da launuka, a sama kuma a rubuta baitocin yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Na gan shi a Fadar Azm, gidan da gwamna As'ad Basha ya gina a tsakiyar ƙarni na 18, wanda yanzu ya zama gidan adana kayan al'ada. Abin da zai nuna maka ƙimarsa, ɗaki guda na ajami da aka yi a Dimashƙa a 1707 yana gidan tarihin Metropolitan a birnin New York, wani kuma da aka yi wa wani attajiri Kirista a Halab a farkon shekarun 1600 yana Balin ta Jamus. An ɓanɓare bangon ɗaki ɗungurungum an tsallaka teku da shi.

Kusa da Bab Sharƙi akwai masu busa gilashi. Fasassun kwalabe suke narkarwa a tanderun bulo, kamar yadda masu aikin gilashi na Bida ke yi, mutum ya ɗebo narkakken da dogon bututun ƙarfe, ya hura yana juyawa, kafin ka ƙifta ido ya zama kofi ko fitila, shuɗi ko kore. A yankin nan na Sham aka fara wannan dabara fiye da shekara 2000 da suka wuce. A 2023 UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun da ke bukatar ceto na gaggawa, domin masu yi sun ragu ƙwarai, kuma tanderu wuta yake ci dare da rana a ƙasar da mai ya zama zinariya.

Sabulun kuwa a wani hutun sanyi na je Halab na ga yadda ake yi, don aikin lokacin sanyi ne, bayan an tatsi zaitun. Man zaitun ake dafawa da ruwa da soda a wata ƙatuwar tukunya da aka gina cikin ƙasa, kwana uku ana juyawa, can wajen ƙarshe a zuba man 'ya'yan itacen gar, wanda shi ke ba shi ƙamshi da tsada. Sai a kwarara shi a daɓen wani makeken ɗaki, kore shar, a bar shi ya daskare. Ma'aikata su ɗaura alluna a ƙafa su bi ta kai su daidaita shi, a ja wuƙaƙe masu kama da manjagara a yanka shi murabba'i-murabba'i, a bi kowane ɗaya a buga masa hatimin gidan da ya yi shi. Sannan a jera su kamar ana ginin rumbu, ana barin 'yan kafofi don iska ta ratsa, su zauna wata shida zuwa tara. Bayansa ya koma ruwan ƙasa, amma in ka raba shi biyu cikin na nan kore. Wanda ya san yadda tsofaffinmu ke dafa sabulun salo da toka ba zai ga baƙon abu ba a nan, sai dai su sun riƙe nasu da daraja, iyali na gadon iyali, kowa na kare sunan da ke jikin hatiminsa.

Sai yaƙi ya zo. A ƙarshen Satumba na 2012 wuta ta kama tsohuwar kasuwar Halab, rufaffiyar kasuwa mai lunguna da tsawonsu ya kai kilomita 13, ɗaruruwan shaguna suka ƙone. A Afrilun 2013 hasumiyar babban masallacin garin, wadda ke tsaye tun 1090, ta zube. Duma ta sha ƙawanya shekara da shekaru, matan agabani suka watse. Masu sabulu da yawa suka koma Gaziyantef ta Turkiyya, masu katako suka bazu Misra da Jodan da Labanan. Abin da yaƙi ya rage, girgizar ƙasa ta 6 ga Fabrairun 2023 ta ƙara jijjiga shi. Mu da muka ga abin da gobarar babbar kasuwarmu ta farkon 2021 ta yi wa mutane, mun san ɗanɗanon wannan baƙin ciki, ko da namu bai kama ƙafar nasu ba. An soma gyaran wasu sassan kasuwar Halab, an buɗe Suƙ Saƙaɗiyya a 2019. Dutse ana mai da shi inda yake. Amma shago in an gyara shi wa zai zauna ciki, in gwanin ya rasu a gudun hijira, ɗansa kuma yana tuƙin tasi a wata ƙasa? Rabona da jin muryar mu'allim tun shekarar da yaƙin ya soma.

Ga inda na dosa, Malam Edita. Mutanen Sham suna da wani abu da ya rage musu asara. A ƙarshen ƙarni na 19 wani malamin Dimashƙa, Shaihu Muhammad Sa'id Alƙasimi, ya lura kayan masana'antun Turai sun fara kashe sana'o'in garinsu. Sai ya ɗauki alƙalami ya shiga rubuta ƙamus na sana'o'in Sham, harafi bayan harafi: sunan sana'a, kayan aikinta, yadda ake yin ta, abin da mai ita ke samu. Ya rasu bai kammala ba, ɗansa Jamaluddin Alƙasimi, malamin tafsirin nan da ya rasu a 1914, shi da Khalil Al'azm suka ƙarasa. Sana'a sama da 400 ke ciki. Alƙasimi da ɗansa malamai ne na addini, masu rawani, ba su ga ƙasƙanci ba a zuwa wurin majemi da maƙeri suna tambaya suna rubutawa. Kuma kowace sana'a a can tana da shugabanta, shaihul kar, mai tabbatar da cewa yaro ya ƙware kafin ya buɗe shago, daidai da Sarkin Maƙera da Sarkin Dukawa a wajenmu.

To mu fa? Sakkwato garin alƙalami ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa, a nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da masu sana'a cikin aikin shugaba, ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina. Amma yau shiga Madunka ka ƙirga masu furfura da ke kan aiki, ka ƙirga samarin da ke zaune gabansu suna koyo. Samarin na kan kabu-kabu, kuma ban zarge su ba, domin kuɗin yini a kan mashin ya fi na mako a kan buzu. Ɗanyar fatar jar akuya ana lodinta zuwa Kano, daga can ta wuce Italiya da Sifaniya, ta dawo mana a jaka da takalmin da ba mu iya saye. Mu kuma muna rataye da jakar roba mai ɓarewa kafin damina ta fita. Baƙin da ke zuwa sayen tim-tim da zabira sun ɗauke ƙafa, ƙauyukan gabas da ke kiwon akuyar, wajen Isa da Sabon Birni, 'yan bindiga sun hana su sakat. Ba a jefa mana bom a Madunka ko Maƙera Assada ba, amma sana'a na fita ta ƙofar baya a hankali. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kuma Hawan Daban da muka yi wa murna, wa ke ɗinka ragama da majayi da adon sirdi? Wa ke ƙera linzami da likkafa? In waɗannan hannuwa suka ƙare, da kayan roba za a yi hawan.

Roƙona guda uku ne, kuma babu mai bukatar biliyoyi. Sashen Hausa da na Tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tare da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu, su haɗa kai a rubuta ƙamus na sana'o'in Sakkwato tun masu su na da rai. A tura ɗalibai da waya su ɗauki hoto da murya, a ji daga bakin majemi yadda ake jiƙa bagaruwa, kwana nawa fata ke yi a ciki, yadda ake haɗa kuloko ya ba da baƙi, sunan kowane ɗinki da kowane zane. Gwamnati da masu hali kuma, in za a ba baƙo kyauta ko a raba jaka a taro, a sayi ta Madunka, kuma a riƙa ba gwanin da ya ɗauki yara koyo ɗan abin da zai riƙe su. Ku kuma 'yan jarida ku ware shafi ko sau ɗaya a wata, ku je ku zauna da mai sana'a guda, ku bar shi ya yi magana da bakinsa.

Da zan baro Dimashƙa, mu'allim ya zaɓi ƙaramin akwati ya ce in kai wa mai gafaka, ya karɓi rabin kuɗinsa bayan na nace. Da na miƙa wa Baba, bai tsaya kallon taurarin sama ba. Kifa shi ya yi ya duba gindin, ya buɗe ya shafa cikin murfin. Sannan ya ce, "Wanga aiki, mai shi bai yi gaugawa ba. Duba nan, inda mai saye ba shi dubawa, shi ma ya gyara shi." A ciki ya riƙa ajiye tasbaharsa da ƙananan basillu. Hunturunmu bai san katakon Sham ba, a shekara ta uku kusurwa ɗaya ta ɗago, taurari biyu suka fita. Baba ya mai da su da ƙaro, ya yanko siririyar jar fata ya bi bakin murfin da ita kewaye, ya ɗinke. Haka akwatin yake a ɗakina har yau.

Bayan rasuwarsa na buɗe kwandon kayan aikinsa, na tarar da ƙarafa uku da ban san sunansu ba. Na ɗauka na kai wa wani abokinsa da ya rage, ya gaya mini sunan biyu, na ukun ya ce Baba ne ya sa aka ƙera masa don wani ɗinki nasa na kansa. Tun ranar nake zuwa wurin dattijon duk Asabar bayan la'asar da littafin rubutu, yanzu ina cikin na biyu. Idonsa ya fara rauni, kuma ni kaɗai ba zan iya zaga majema da marina da maƙera da masaƙa ba. Duk ɗalibi ko malamin da ke son mu raba aikin, ya bar saƙo a ofishin wannan jarida, zan zo in karɓa.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya zaunar da ƙasar Sham lafiya, ya zaunar da tamu.

Wassalam.

Naku,
Malamin Larabci, ɗan baduku,
Shiyar Madunka, Sakkwato.